Mu Haɗu a Wurin Jirgin

Bandar Lenge, tsakiyar Jumada Sani

Yaya Kamran,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Saliha da Nargis. Mu nan zafi ya fara sauka. Baba yana nan yadda ka san shi, kullum da safe sai ya je bakin tashar jiragen ruwa ya zauna yana gyara wa matuƙa tuƙi da baki, duk da shekarun da ya yi da barin ruwa.

Maganar Mama ce ta sa na rubuto. Mun dawo daga Shiraz wurin likitan ido. Ya ce suga ya riga ya cinye na hagu, na dama kuma abin da ya rage kaɗan ne, shi ma ba zai daɗe ba. In rana ta take, tana gane fuskar mutum idan ya matso. Da la'asar ta yi sanyi kuwa sai dai ta bi murya. Hoton Nargis da ka aiko ta juya shi ta juya, ta ce ita dai duhu-duhu take gani. Shekaranjiya ina taje mata kai ta ce, "Sudaba, ke nan zan makance ban ga 'yar Kamran ba?"

Gida dai ka san ba ya shiguwa. Rantsuwar da Baba ya yi ranar da ya ji ka auri Saliha ba da yawunsa ba, cewa ba ka sake taka masa ƙofa yana raye, tana nan daram. Shekara shida ko sunanka ba a kamawa a gabansa. Amma tsibirin Kish ba gidansa ba ne, kuma can Saliha za ta shiga da fasfonta na Indiya ba sai da biza ba.

Na ce wa Baba zan kai Mama Kish yini ɗaya ta ga wuraren da ake zuwa kallo tun idon yana gani. Ya ce aikin banza ne, amma bai hana ba. Juma'a ta biyu a Rajab. Za mu hau mota zuwa Charak da asuba, mu shiga jirgin ruwa na farko, mu dawo a na ƙarshe bayan magariba. Ku ku taso daga Dubai da safe. Ka faɗa mini inda za mu haɗu.

Amsarka ta zo ta makarantarmu. Kada ka bugo waya gida, shi ke ɗauka.

Ƙanwarka,
Sudaba

Sharja, ƙarshen Jumada Sani

Malama Sudaba,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, sai Nargis da ta yi mura ta warke. A tsaye nake rubutun nan a bakin sito, motar kaya tana jirana, ki yi haƙuri da hannun.

Na karanta maganar Mama a wurin aiki, sai da na shiga ɗakin ƙanƙara na tsaya kada mutane su ga fuskata. Za mu zo. Saliha ta roƙi wata abokiyar aikinta a asibiti ta riƙe mata ranar. Tsoro take ji, ta tambaye ni ko Mama za ta yarda ta gaishe ta ko ta tsaya daga nesa. Na ce Mama ba Baba ba ce. Tun jiya take koya wa Nargis yadda ake gaida kaka da harshen gida.

Ashe ke ma kin iya shirya makirci. Ke da ko dabino kika ɗauka ba izini sai kin kai ƙarar kanki.

Mu haɗu a wurin jirgin. Tun hantsi za ku same mu, ko kun makara ba za mu gusa ba.

Ki sumbaci hannun Mama a madadina.

Yayanki,
Kamran

Bandar Lenge, farkon Rajab

Yaya,

Muna lafiya. Kada ku zo.

Jiya muna cin abincin rana Baba ya ce, "Mata biyu, ɗaya ba ta gani, ɗaya ba ta san gabas ba a kan ruwa. Da ni za a je." Har ya aika an sayo tikiti uku. Mama ta ce ai ƙafarsa ba za ta jure yawo ba. Ya ce ƙafarsa ce ko tata? Ban sani ba ko ya zargi wani abu ne. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Na je gidan waya na buga lambar kamfaninku. Wani ya ɗauka da harshen da ba na ji, na yi ta maimaita sunanka, ya kashe. Na sake bugawa ba a ɗauka ba.

In muka sauko daga jirgi ya gan ka tsaye a tasha, gaban mutanen Lenge da ke cika jirgin Juma'a, ban san abin da zai faru ba, kuma Mama ce za ta kwana a ciki. Ku bari sai wani lokaci. Allah ya sa takardar nan ta riga ku tashi.

Sudaba

Sharja, Asabar, tsakiyar Rajab

Sudaba,

Mun dawo. Nargis tana kwance da zazzaɓi, rana ta ƙona mata fuska da wuya.

Abu ɗaya nake so ki gaya mini. Da gangan kika zo da shi? In sulhu kika shirya a ranki, ai sai ki tambaye ni, ba ki tura matata da 'yata gabansa kamar awakin layya ba. Kuma ina kuka shiga yini guda? Tun hantsi muke kan dutsen nan na bakin teku. Ke kika ce Mama ba ta gani in la'asar ta yi, ke kuma kika kawo ta da faɗuwar rana.

Shekara shida, na zo har inda take, ina jin muryarta, ban taɓa hannunta ba.

Me ya faru a wurin mota? Daga ƙasa fitila kawai na gani.

Kamran

Bandar Lenge, Asabar, tsakiyar Rajab

Yaya Kamran,

Ina fata kun sauka lafiya. Ya jikin Nargis? Da na ɗauke ta na ji ta da zafi. Ko kallona ba ka yi ba da na miƙa maka ita, don haka bari in faɗa maka yadda yinin ya tafi daga ɓangarenmu.

Tun daga Charak nake addu'a kada mu same ku. Da jirgi ya doshi tashar Kish na riga kowa tsayawa a bakin ƙofa ina duba mutane ɗaya-ɗaya. Baba ya ce, "Me kike ta leƙe, wani kika ajiye a nan?" Na ce tasi nake nema. Ban gan ku ba. Na ce mu sha shayi tukuna, na ce zan kama ruwa, na zagaya tashar gaba da baya, babu ku. Sai na yi hamdala. Na raɗa wa Mama cewa takardata ta isa, ba ku zo ba. Ta gyaɗa kai kawai.

Ka ce a wurin jirgin. Ni jirgin da na sani shi ne wanda zai sauke mu. Ko sau ɗaya tsohon jirgin Girkawan nan da ya kafe a bakin teku bai zo mini a rai ba.

Muka ɗauki wani direba, Gulam, na yini. Ya fara kai mu kwalekwalen nan mai gindin gilashi. Rana ta take, ruwa garai-garai. Mama ta sunkuya ta ce, "Ga wani rawaya. Ga wani mai zane." Tana ganinsu sarai, Yaya. Hasken da ya fi kowane kyau a yinin nan a kan kifi muka ƙarar da shi. Baba kuwa faɗa yake da yaron tuƙi, wai yana yanka igiyar ruwa kamar mai yankan kankana.

Daga nan kangon tsohon garin Harire. Baba ya yi ta nuna mana inda jiragen da suke tsayawa, Mama tana zaune kan wani dutse tana fifita. Muka ci burodi da mahyawa, romon kifin nan, da muka taho da shi a gindin tsohuwar bishiyar nan da mutane ke ɗaura wa tsummoki. A nan wata yarinya ta wasu 'yan Isfahan ta gifta a guje. Mama ta kama hannunta, ta jawo ta, ta kafa mata ido. Ta ce, "'Yar wa ce ke?" Uwar ta zo ta janye 'yarta tana harararmu. Baba yana kallo. Ya daɗe idonsa na kan Mama.

Bayan Juma'a sai kasuwa. Ya saya mata tukunyar shayi da ba ta roƙa ba. Ni na so mu koma tasha da wuri. Gulam ya ce wa ke zuwa Kish bai ga faɗuwar rana a bayan jirgin Girkawa ba? Baba ya ce shekarar da jirgin ya kafe yana ƙaramin matuƙi, da idonsa ya ga ana ƙoƙarin jansa, sai ya je ya ga abin da tsatsa ta bari. Shi ya matsa, ba ni ba.

Da muka isa Mama ta ce ta gaji, ba ta ganin komai kuma, za ta zauna a mota. Na tsaya da ita. Baba ya gangara shi kaɗai da sandarsa. Ina daga sama na hango shi ya tsaya wurin wata mata da yarinya a ƙarƙashin laima, ya tsuguna yana magana da yarinyar. Ban kawo komai ba. Sai na ga wani ya sauka daga tasi yana sauri, ya yi turus. Tafiyarka na gane kafin fuskarka. Mama ta ce, "Me ya faru? Numfashinki ya canza."

Ina jiran in ji ihu ko in ga sanda ta tashi. Sai ga Baba yana hawowa da yarinya a kafaɗa, sandar ma a can ya baro ta. Yana haki ya buɗe ƙofar mota ya ce, "Ziba, fito." Sunanta ya kira, abin da ban taɓa ji ba. Ta fito. Ya ajiye Nargis a gabanta ya ce, "Ga abin da kika zo nema."

Mama ta durƙusa ta kama fuskar da hannu biyu. Rana ta riga ta nutse rabi. Ta matso da ita har hancinsu ya kusa haɗuwa, ta juya ta wajen yamma, ta sake juyawa. Ta ce, "Ba na gani. Abdurrahim, ba na ganinta."

Baba ya waiwaya ya ce wa Gulam, "Kunna fitilar motarka, babbar." Ya ɗauki yarinyar ya tsayar da ita a gaban mota, ya tare mata ido da tafinsa har ta saba, sannan ya janye hannun. Mama ta rarrafa zuwa wurin da gwiwa. Ta daɗe. Can ta ce, "Girar uban ce. Ga ɗan tabo a haɓa." Nargis ta gaishe ta da harshenmu, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karatun allo. Gulam ya juya baya yana goge gilashin da ba shi da datti.

Mama ta ce, "Ina uban?" Baba ya ce, "Jirgi zai bar mu." Shi ne ta miƙe ta kira sunanka, ba ma wajen da kake ta fuskanta ba. Ka amsa daga ƙasa, Baba yana ji. Bai hana ba, bai kuma ce ka hawo ba. Ya ce da ni, "Mai da ita wurin uwarta, ki ɗauko mini sandata."

A jirgi waje ya zauna cikin iska. Tun da muka dawo bai yi mini magana ba, abincin da na kai masa da safe yana nan a rufe.

Me ya ce maka? Yaya aka yi ya gane ta? Kuma me ya sa kuka zo bayan na ce kada ku zo?

Sudaba

Sharja, ƙarshen Rajab

Sudaba ƙanwata,

Nargis ta warware, fatar ce kawai ke saɓulewa. Saliha tana gaishe ki.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo, ta gargaɗin da ta labarin. Ta farkon ta yi kwanaki a ofishinmu na Dubai. Tawa mai zafi ta riga ta tafi, ban iya kamo ta ba. Ki yafe mini. Laifin rubutuna ne. A kaina wuri ɗaya ne a Kish ake ce wa wurin jirgin, kuma na zaɓe shi ne don ya yi nisa da idon mutanen Lenge. Kalma ɗaya da na ƙara da Mama ta ga yarinyar da rana tsaka.

Sau biyu na ɗauki tasi zuwa tasha neman ku, Saliha ta ƙi tashi, wai na rubuta ba za mu gusa ba. A dawowa ta biyu ne na same shi a tsugune. Abin da ya faru kafin nan ita ta gaya mini.

Ta ce wani tsoho ya tsaya yana kallon jirgin, sai Nargis ta ce masa da harshen gida, "Kaka, kada ka taka nan, da santsi." Ya juyo ya dube ta, ya dubi Saliha, ya ce wa yarinyar, "Ina kika sami harshen nan?" Ta ce, "Ni 'yar Lenge ce." Ya ce, "Gidan wa?" Ta ce, "Gidan matuƙi Abdurrahim." Ni na koya mata, don in ta ɓace. Saliha ba ta san shi ba, sai da ta ga ya tsuguna a hankali sandar ta faɗi. Ya ce, "Kin san shi?" Ta ce, "Kakana ne. Yana fushi da Babana, amma Babana ya ce zai huce." Ya ce, "Haka ya ce?" Ta ce, "E. Kai ka san shi?" Ya ce, "Kaɗan."

A nan na iso. Ya miƙe. Ya tsufa, Sudaba, ba ki gaya mini ya rame haka ba. Na ce, "Baba." Bai kalle ni ba. Saliha ya tambaya, "Tun yaushe kuke nan?" Ta ce tun hantsi. Ya taɓa goshin yarinyar. Sannan ya juyo, ya ce, "Ka bar yarinya a kan dutsen nan tun hantsi. Har yanzu ba ka yi hankali ba." Abin da ya ce mini ke nan, duka.

Sai ya ce wa Saliha, "'Yata, ara mini ita, zan dawo miki da ita." Ta ce to. Na ɗaga ƙafa zan bi su, ya ce, "Kai tsaya nan." Na tsaya. Ina da shekara talatin da huɗu, ina da mutane a ƙarƙashina a wurin aiki, na tsaya kamar an kafa ni. Da Mama ta kira ni na so in ruga. Na ji tsoron in na hau ya sauke yarinyar ya ce a shiga mota, ta rasa duka biyun.

Saliha ta yi ta maimaita mini a jirgin sama cewa 'yata ya ce mata. Na ce haka tsofaffinmu ke ce wa kowace mace. Ta ce in bar ta da abinta.

Yanzu ke nake ji. Ya fara yi miki magana? Ya taɓa Mama da faɗa? In zamanki a gidan ya yi tsanani saboda ni, ki faɗa mini gaskiya.

Kamran

Sharja, tsakiyar Sha'aban

Sudaba,

Muna lafiya. Shirunki ya yi yawa. Ko fushi kike da ni har yanzu, ko hana ki rubutu aka yi? Jiya na buga gida. Shi ya ɗauka. Na yi shiru, shi ma ya yi shiru, ina jin numfashinsa, har kuɗina suka ƙare. Ban san ko na ƙara ɓata al'amarin ba.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Kamran

Bandar Lenge, ƙarshen Sha'aban

Yaya Kamran,

Ba fushi nake ba, kuma ba wanda ya hana ni. Na rasa abin da zan rubuta ne da ba zai tayar maka da hankali ba. Gaishe da Saliha, ka ce na gode da ta ƙi gusawa.

Idon Mama ya tafi. Ba a rana ɗaya ba, amma yanzu ko da azahar haske kawai take bambancewa da duhu. Ba ta kuka. Duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta zaunar da ita ta siffanta mata Nargis, gira, haɓa, kunne, yadda take tsayawa da ƙafa ɗaya a kan ɗaya. A gaban Baba take yi, da sunanka a bakinta, ba ta rage murya.

Rigimar da nake tsoro ta zo kwana kaɗan da dawowarmu. Ya kira ni tsakar gida ya ce, "Tun yaushe kike yi mini wasa da hankali?" Kafin in buɗe baki Mama ta fito tana lalube bango, ta ce, "Ni na sa ta. In kora za ka yi, ka fara da ni, sai dai ka riƙe mini hannu zuwa ƙofa don ba na ganin hanya." Ya tsaya yana kallonta. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai dawo ba sai la'asar. Daga nan ya koma cin abincina, amma magana sai ta dole. Ranar da ka bugo waya ina ɗaki ina jinsa. Ya daɗe riƙe da ita bayan ta yanke.

Ga abin da ya sa na rubuto yau. Shekaranjiya Talata ya dawo daga kasuwa da babban kifi da buhun shinkafa mai kyau, ya ce in dafa da yawa, baƙi zai yi. Na ce su wa? Ya ce in dafa dai. Azumi bai kama ba, ba suna, ba rasuwa. Da azahar sai ga shi da 'yan dakon bakin tasha, talakawan nan da ke kwana a rumfa. Ya shimfiɗa musu tabarma da kansa. Na fito da tire zan ajiye, ya ɗaga mini hannu. Ya bi su da yatsa yana ƙirgawa. Su tara ne, ɗaya ya zame a hanya. Ya ce kada a zuba. Ya ɗauki sanda ya koma cikin ranar nan, mutane suna zaune abinci yana hucewa, sai da ya dawo da wani tsoho mai gyaran raga. Sannan ya ce bismillah. Shi bai ci ba, yana tsaye a kansu yana cewa a ƙara wa wancan, har kowa ya ƙoshi.

Na shiga ɗaki na gaya wa Mama. Ta ce, "Su nawa?" Na ce goma. Ta ce, "Goma cif?" Na ce cif. Ta kama hannuna ta matse har ya yi mini zafi. Ta ce, "Mutum ba ya komawa cikin rana neman na goma sai in kaffarar rantsuwa yake yi."

Yaya, shi dai Baba bai ce ka zo ba, bai ce in rubuto maka ba, kuma ba ni da ƙarfin halin tambayarsa. Kada ka sayi tikiti tukuna. Amma ka sake bugo waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin yana gida. In ya ɗauka, wannan karon ka yi sallama.

Ƙanwarka,
Sudaba